Taskar Geniza ta Alkahira da Abin da Ke Bayan Takarda

Yahudawan zamanin da suna da wata al'ada wadda ba za ta zama baƙuwa ga Bahaushen da ya tashi a makarantar allo ba. Duk takardar da aka rubuta sunan Allah a jikinta ba a yar da ita a juji. Idan ta tsufa, sai a ajiye ta a wani keɓaɓɓen wuri har zuwa ranar da za a binne ta. Wannan wuri shi ake kira geniza, daga wata kalmar Ibrananci mai ma'anar ɓoyewa. A majami'ar Ben Ezra da ke Fusɗaɗ, watau tsohuwar Alkahira, an yi ta zuba takardu a irin wannan ɗaki tun daga ƙarni na 11 har ƙarni na 19, ba a kwashe su an binne ba, bushewar iskar Masar kuwa ta hana su ruɓewa.

A shekarar 1896 wasu tagwayen mata 'yan Sikotilan, Agnes Lewis da Margaret Gibson, suka nuna wa Solomon Schechter, malami a Jami'ar Kambirij, wasu guntayen takardu da suka sayo a Gabas. Ya gane ɗaya daga ciki shafi ne na littafin Ben Sira a Ibrananci, wanda aka daɗe ana tsammanin asalinsa ya ɓace. Kafin shekarar ta ƙare ya isa Alkahira, ya sami izinin shugabannin jama'ar, ya kwashe guntaye kimanin 193,000 zuwa Ingila. Sauran sun watsu a Okisfod da Niyok da Mancesta da wasu birane, jimillarsu duka ta kai wajen 400,000. Ba a mance ba, lokacin Masar tana ƙarƙashin mamayar Ingila.

Manazartan farko littattafan addini suka fi kulawa da su, ba kuwa a banza ba, domin a nan aka sami rubutun hannun Musa ɗan Maimun, babban malamin da ya rasu a Fusɗaɗ a 1204, har da wuraren da ya soke ya gyara. S. D. Goitein ne ya juya ga abin da wasu suka ɗauka tarkace ne: wasiƙun fatake, takardun aure da saki, wasiyyoyi, lissafin kayan ɗakin amarya, da sunayen matalautan da ake raba wa burodi. Daga cikinsu ya fitar da littafinsa A Mediterranean Society, juzu'i biyar, tsakanin 1967 da 1988. Galibin waɗannan takardu da Larabci aka yi su amma da baƙaƙen Ibrananci. Wanda ya saba da ajami zai fahimci lamarin nan take, domin mutum yana rubuta harshen da yake ciniki da shi ne da baƙaƙen da ya koya a makarantar addini. Wannan ma shi ya sa takardun duniya suka shiga ɗakin, tun da alfarmar baƙaƙen ta shafe su.

A cikinsu ne aka haɗu da Wuhsha, wata dillaliya ta ƙarshen ƙarni na 11. Ta haifi ɗa ba a cikin auren da hukumar addini ta sani ba, aka kore ta daga majami'a a ranar babban azumi, amma da ta zo yin wasiyya ta bar dukiya ta kusan dinari 700, ta kuma sa majami'un garin cikin masu rabo. Littattafan fiƙihu ba su cika ambaton irin wannan mace ba. Eve Krakowski, a littafinta na 2018 kan 'yan mata da auren fari, ta bi irin wannan saɓani tsakanin hukuncin malamai da yadda jama'a suke rayuwa a zahiri.

Binciken da ya fi tayar da ƙura a 'yan shekarun nan ya fito ne daga bayan takardun. An daɗe ana faɗa a tsakanin masana tarihi na Turai cewa daulolin Musulunci na tsakiyar zamani ba su damu da adana takardun mulki ba, hujjarsu kuwa ita ce ba a sami taskokin ba. Daga nan wasu suka zarce suka ce mulkin son zuciya ake yi, ba na ƙa'ida ba. Marina Rustow ta Jami'ar Princeton, a littafinta The Lost Archive na 2020, ta ɗora a kan aikin S. M. Stern da Geoffrey Khan, ta nuna cewa da yawa daga addu'o'i da wa'azin Ibrananci na Geniza an rubuta su ne a bayan takardun gwamnatin Faɗimiyya, wadda ta mulki Masar daga 969 zuwa 1171. Magatakardan fada sukan rubuta umurnin halifa a doguwar takarda mai naɗi, da manyan baƙaƙe, su bar fili mai yawa tsakanin layi da layi don nuna isa. Idan umurnin ya gama aiki, sai a yayyanka takardar ta koma hannun masu bukata. Marubuci Bayahude ya samu, ya cike bayanta, wani lokaci har da tsakanin layukan. Da aka jera guntayen sai ga dokoki, da rasit na haraji, da takardun koke, wasu ɗauke da alamun ofisoshin da suka bi ta hannunsu suka yi rajista. Akwai ma koken da aka kai wa Sittul Mulki, 'yar'uwar Halifa Alhakim, wajen shekarar 1022, lokacin da ragamar daula take hannunta.

Hujjar Rustow tana da ƙarfi, domin alamar rajista tana nuna akwai littafin da aka shigar da ita, ko da littafin ya salwanta. Sai dai a yi hattara. Geniza ba taska ce da wani ya tsara ba. Abin da aka zubar ne, kuma daga jama'a ɗaya ta gari ɗaya. Muryar fatake da malamai ta fi yawa, ta manoma da bayi kuwa sai jefi-jefi, a bakin wasu.

Wani abin da ya sauya aikin shi ne na'ura. Shirin Friedberg, wanda aka kafa a 1999, ya ɗauki hoton guntayen ya sa a intanet, aka kuma koya wa kwamfuta ta kwatanta hannun marubuta, ta yadda rabin wasiƙar da ke Kambirij zai iya haɗuwa da ɗan'uwansa da ke Niyok. A 2013 Kambirij da Okisfod, waɗanda suka daɗe suna gasa a kan takardun, suka haɗa kuɗi fam miliyan 1.2 suka sayi guntaye kimanin 1,700 da tagwayen nan suka tara. Ita kuwa majami'ar Ben Ezra, hukumomin Masar sun gyara ta sun sake buɗe ta ga maziyarta a 2023.