Sauyin Cima da Matsalar Ƙiba: Aikin Barry Popkin da Abin da Ya Shafe Mu a Ƙasar Kura da Bunkure



Duk wanda ya san ƙasar Kura da Bunkure kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya san cewa cimar mutanen wurin ba ta wuce tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa, da fura da nono, da ɗan wake. Da ruwa ya biyo hanyoyin da aka gina masa ya iso gonaki, sai noman rani ya kankama, alkama da tumatir da shinkafa suka samu gindin zama, har Kura ta zama gari na masu sussukar shinkafa da cinikinta. Kuɗi ya shigo hannun manoma, babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, shayi da burodi da taliya da lemon kwalba suka shiga ƙauye.

Wannan al'amari shi ne Farfesa Barry Popkin, na Jami'ar North Carolina a Amurka, ya ba suna a farkon shekarun 1990, wato sauyin cima. Bayaninsa shi ne, idan arziki ya soma shigowa ƙasa, jama'a sukan bar hatsi mai dusa da ganye, su koma ga mai da sukari da abincin masana'anta, alhali kuwa aikin ƙarfi yana raguwa. Abin da jiki bai ƙona ba sai ya tara shi kitse, daga nan hawan jini da ciwon sukari su biyo baya. Babban abin da ya sa masana suka saurare shi shi ne nuna musu da ya yi cewa ƙiba ba ta tsaya ga ƙasashen Turai ba, har ma akan iske uwa mai teɓa da yaro mai tamowa a gida ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya. Mu a nan ba mu bukatar tafinta: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Nijeriya nauyinsu ya wuce kima, a lokacin da fiye da rabin ƙananan yaran Jihar Kano suka tsumbure.

A ganina, wahalar da ke gabanmu ta fi ta Amurka, domin Bahaushe yana ɗaukar ƙiba alamar hutu da wadata. Wanda ya rame, tambayarsa ake yi ko lafiya.

Popkin bai tsaya ga rubutu ba. Yana cikin waɗanda suka ba Meziko shawara kan harajin lemon zaƙi da ta ɗora a 2014. Ƙasar Chile kuma, a 2016, ta tilasta wa kamfanoni buga baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban duk ƙunshin da sukarinsa, ko gishirinsa, ko kitsensa ya yi yawa. Nazarin da shi da abokan aikinsa suka fitar a 2020 ya gano sayen irin waɗannan abubuwan sha ya ragu da kusan kashi 24 cikin ɗari. Hikimar tambarin ita ce ba ya bukatar lissafi, ko wanda bai yi karatu ba yana gane shi.

Nijeriya ta ɗan taɓa wannan hanya. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, hukumar NAFDAC kuma ta sabunta ƙa'idojin rubutun jikin ƙunshin abinci a 2022. Amma rubutun nan da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, a bayan leda. Sa'an nan mafi yawan abin da matar aure a Bunkure ke girkawa ba a ƙunshe yake zuwa mata ba: shinkafa da sukari a kwano ake auno su, mai a kwalba, ɗunkulen miya kuwa ɗai-ɗai yaro ke sayowa a shagon unguwa, kwalin da ke ɗauke da bayanin gishirinsa yana can wurin mai shago.