Yadda Marin Tsirkiya Ya Ceto Mai Jitar Bas A Kiɗan Metal

Wanda ya saurari kundin Metallica na 1988, mai suna ...And Justice for All, zai iya rantsewa babu mai jitar bas a ƙungiyar. Akwai shi kuwa, Jason Newsted, amma an binne amonsa ƙarƙashin sauran kayan kiɗa. Wannan ita ce ƙaddarar mai bas a kiɗan metal. Jitocin da ke gaba an cika musu wuta har amonsu ya yi kauri da kaushi, mai ganga yana dukan manyan ganguna da ƙafa biyu, shi kuwa bas muryarsa can ƙasa take. Tsirkiyarsa mafi kauri tana karkarwa sau 41 ne kacal a daƙiƙa, amon da ƙirji ya fi kunne ji. Idan aka yi cunkoso, shi ake fara dannewa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin tsira ita ce salon da ake kira slap, wato mari. Ba a gidan metal aka haife shi ba. Larry Graham, baƙar fatan Amurka, shi aka fi jingina wa ƙirƙirarsa. Yana saurayi yana kiɗa tare da mahaifiyarsa, sai suka rasa mai ganga. Ya fara buga tsirkiya da babban yatsa a madadin babbar ganga, yana fizgo ta da manuniya a madadin ƙarama. Daga baya ya kai salon ƙungiyar Sly and the Family Stone, duniya ta ji shi a waƙarsu ta Thank You a 1969.

Ga yadda ake yi. A wuyan jita akwai siraran ƙarafa da aka jera a kwance, su ne ke raba sauti da sauti. Mai kaɗawa da yatsu yadda aka saba yana ƙoƙarin kada tsirkiya ta bugi waɗannan ƙarafa. Mai mari kuwa abin da yake nema ke nan. Zai juya wuyan hannu kamar mai murɗa makulli, gefen ƙashin babban yatsa ya faɗi kan tsirkiya daidai ƙarshen wuyan jitar, ya yi tsalle ya tashi nan take. Idan yatsan ya daɗe a kai ko da ƙiftawar ido ne, amon ya mutu. Sannan ya cusa manuniya ƙarƙashin siririyar tsirkiya, ya ɗaga, ya saki, ta koma ta fyaɗi ƙarfe. Hannun hagu ma ba zaune yake ba: yakan dafa tsirkiyoyin a hankali, sai bugun ya fito ƙwas, babu sauti, sai ƙara zalla. Kowane mari yana ba da abu biyu, gurnani daga ƙasa da kuma ƙarar ƙarfe daga sama. Wannan ƙarar ta sama ce ke keta bangon jitoci ta isa kunne.

Manyan magabatan metal ba su bi ta nan ba. Geezer Butler na Black Sabbath da Steve Harris na Iron Maiden da yatsu suka yi suna, shi Harris da sukuwar nan tasa mai kama da ta doki. Cliff Burton na Metallica, wanda ya rasu a hatsarin mota a Suwidin a 1986 yana da shekara 24, cika wa bas ɗinsa wuta ya yi har ya yi kuka kamar jitar gaba. Akwai dalili. Mari yana son sarari tsakanin bugu da bugu, kiɗan da ke gudu babu numfashi kuwa ba ya barin wannan sararin.

Sai da metal ya auri kiɗan fank irin na su Graham a ƙarshen shekarun 1980 ƙofa ta buɗe. Billy Gould na Faith No More ya shigo da marin, haka Robert Trujillo a Infectious Grooves kafin ya shiga Metallica a 2003, ga kuma Les Claypool na Primus, wanda ya taɓa zuwa gwajin maye gurbin Burton ba a ɗauke shi ba.

Wanda ya kai abin ƙarshe shi ne Fieldy na Korn, daga Bakersfield ta Kalifoniya. A kundinsu na farko a 1994, jitocin gaba masu tsirkiya bakwai ne, an sassauta su har sun gangaro filin bas sun mamaye shi. Sai ya bar musu filin. Ya sassauta tsirkiyoyinsa biyar har suna reto, ya rage amon tsakiya a na'urarsa, ya bar gurnani da ƙarar ƙarfe kawai. Masu sukarsa suna cewa ba a gane sautin da yake bugawa, kuma da gaskiyarsu. Amma waƙar Korn daƙiƙa kaɗan take buƙata ka gane ta, kuma rabin dalilin hannunsa ne. Salon ya ma tsallaka zuwa jita mai tsirkiya takwas a hannun Tosin Abasi, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne da suka zauna a Amurka.

Ni dai gwanina Ryan Martinie ne na Mudvayne. Shi bai sayar da sauti don ya sayi ƙara ba. A kundin L.D. 50 na shekarar 2000 yana mari, yana fizga, yana ƙwanƙwasa da kan yatsu, kuma duk da haka kana iya bin layin waƙarsa da baki. Mai karatu, nemi waƙar Dig, ka sa na'urar kunne mai kyau maimakon lasifikar waya, domin lasifikar ba ta iya fitar da amon ƙasa. Ka manta da mawaƙin, ka bi bas ɗin tun daga farko.