'Yan daudu: daga teburin abinci a tasha zuwa zaman ɓoyo

Duk lokacin da maganar dokar hana luwaɗi ta taso, ko a Accra ko a Abuja, abin da ake yawan ji a majalisun zango shi ne wai namiji mai ɗabi'ar mata baƙon abu ne, Turawa suka kawo mana. To amma Bahaushe yana da kalmar "ɗan daudu" tun kafin a san intanet, tun kafin a ji sunan wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam. Duk wanda ya girma kusa da tashar mota a Kano ko Katsina ko Zariya ya san su, wataƙila ma ya ci tuwonsu. Mutane ne masu sana'a da zumunci da salon magana nasu, kuma tarihinsu wani yanki ne na tarihin biranen Hausa.

Ina sunan ya samo asali?

Daudu kirari ne na Galadima. A cikin iskokin bori kuwa akwai Ɗan Galadima, ɗan sarki mai son ado da turare da caca, mai kyauta kamar ba ya son kuɗi. Masana da yawa suna ganin daga nan sunan ya fito, domin a wajen wasan bori an saba ganin 'yan daudu tare da mata, suna hidima, suna rawa, wasunsu ma dawakin iskokin ne. Shi kuwa bori ya bi Bahaushe duk inda fatauci ko bauta suka kai shi. Wani Bature, Tremearne, ya tarar da Hausawa suna yin sa a Tunis da Tarabulus, har ya wallafa littafi a kansa a 1914.

Akwai abin da ake yawan cakuɗawa. A Hausa, daudu na nufin namiji ya riƙa magana da tafiya da aiki irin na mata. Luwaɗi kuwa aiki ne dabam, wanda maza masu rawani da gemu ma ake zargi da shi. Akwai 'yan daudu da ke neman maza, akwai waɗanda ba ruwansu, kuma da yawansu suna da mata da 'ya'ya. Rudolf Gaudio, masanin harshe ɗan Amurka da ya zauna da su a Kano tun shekarun 1990, ya nuna haka a littafinsa Allah Made Us na 2009, wanda sunansa ke nufin Allah ne ya yi mu.

Murhu a bakin tasha

Me ya sa aka fi sanin su da sayar da abinci? Ka duba yadda birnin Hausa yake. Matar aure tana kulle, ba za ta zauna a tasha tana zuba wa direbobi miya ba. Namiji kuwa yana ganin girki ba aikinsa ba ne, in ban da tukuba da teburin shayi. Ga fatake, ga 'yan ci-rani, ga direbobi da yaran mota, duk suna buƙatar abinci mai zafi tsakar dare. Wannan gurbi 'yan daudu da mata masu zaman kansu suka cike: tuwo da miya, shinkafa, soyayyen kaza, ƙwai, farfesu. An san su da iya girki da tsafta, har wasu masu biki kan ɗauke su aikin dafa abincin taro.

Da yawansu a gidajen mata suke zaune, ƙarƙashin magajiya, musamman a unguwannin baƙi irin su Sabon Garin Kano. Nan ma aka fi jin sunansu da kawalci, wato haɗa namiji da karuwa a ba su lada, abin da ya ƙara ɓata musu suna a idon jama'a. Renée Pittin, wadda ta yi bincike a Katsina a shekarun 1970, ta rubuta yadda rayuwar waɗannan gidaje take. Wasu kuma sun tsallaka har Jidda, sun yi shekaru suna sana'ar abinci a tsakanin Hausawan Saudiyya, suka dawo da kuɗi da sunan Alhaji.

Uwa, ƙawa da biki

Yaron da aka kora daga gida saboda karairaya, ina zai nufa? Galibi wajen wani babban ɗan daudu, wanda zai kira uwa. Ita ce za ta ba shi wurin kwana, ta koya masa girki da ciniki, in ya kwanta ciwo ta yi jinya, in ya tara jari ta taimaka ya kafa nasa teburin. Tsararraki kuma suna kiran juna ƙawa, suna cewa "ke" maimakon "kai", suna raɗa wa juna sunayen mata. Amma in an shiga cikin jama'a, sai kowa ya koma Malam wane.

Suna kuma yin biki kamar yadda mata ke yi: a kira makaɗa, a yi rawa, a yi liƙi. Kuɗin nan kuwa bashi ne, duk wanda ya yi maka gudummawa yau, gobe kai ma sai ka rama. Da wannan ake biyan kuɗin haya, a yi auren ƙanwa, a je Makka.

Sai baki. Kai, a fagen habaici da zambo da karin magana, ba kasafai ake kayar da ɗan daudu ba. Wanda ba shi da ƙarfin dantse ko na dangi, ai harshe ne makaminsa. Suna da yaren harka, kalmomin Hausa da aka juya wa ma'ana domin a yi magana a gaban bare bai gane ba. Salon maganar ya shiga har finafinai: marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya yi fim mai suna Ibro Ɗan Daudu, mutane suka yi ta dariya.

Me malamai suka ce?

Ba a ɓoye yake ba: malamai sun haramta luwaɗi, kuma akwai hadisi mai tsine wa namijin da ke kwaikwayon mata. 'Yan daudu da kansu sun san wannan, mafi yawansu Musulmi ne masu salla da azumi. Sai dai malaman da sun yi bayani dalla-dalla. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba gida biyu: wanda aka halitta da laushin murya da motsi irin na mata, ba da gangan ba, wannan ba zargi a kansa, da wanda ya ƙirƙiri abin da kansa, shi ne abin zargi. Irin waɗannan mutane sun rayu a Madina tun farkon Musulunci. Ke nan tambayar tsohuwa ce, kuma magabata da ilimi suka amsa ta.

Yadda fili ya ƙuntata

Tun dokar Penal Code ta Arewacin Najeriya, wadda ta fara aiki a 1960, an lissafa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza. Amma babban sauyi ya zo ne bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, jihohi 12, har da ita, suka bi wannan hanya. Aka rufe gidajen mata da yawa, aka takura wa bori da kiɗan biki. A Agustan 2007 an kama maza 18 a wani otal a Bauchi bisa zargin shigar mata. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi. A Disamban 2022 Hisbar Kano ta kama mutum 19 bisa zargin halartar irin wannan aure.

Maƙwabta ma haka. A Kamaru hukuncin ya kama daga wata 6 zuwa shekara 5. A Ghana majalisa ta amince da ƙudiri mai tsauri a Fabrairun 2024, ko da yake Nana Akufo-Addo ya sauka bai sa masa hannu ba.

Wanda abin ya fi faɗa wa shi ne wanda ba ya iya ɓuya. Mai kuɗi yana da katanga da ƙofa. Ɗan daudu kuwa muryarsa da tafiyarsa suna tare da shi a kasuwa, ko ya aikata wani abu ko bai aikata ba. Zargi kaɗai ya isa mai gida ya kore shi, masu ciniki su gudu, ko samari su taru su yi masa duka, alhali shari'ar da ake kafa hujja da ita ba ta yarda a hukunta kowa ba sai da shaida a gaban alƙali.

Mu mazauna zango mun san ɗacin a yi wa mutum kuɗin goro saboda unguwarsu ko shigarsa. Kowa na da damar riƙe fahimtarsa ta addini a kan daudu. Amma kafin a ɗaga sanda a kan yaron da ke karairaya a layinmu, a tambayi tsofaffin direbobin da suka yi zirga-zirga tsakanin Kano da Kumasi, wa ke ba su abinci da tsakar dare a tasha, a wasu lokutan ma bashi.