Daga Kafireto Zuwa Injekta: Abin da Ake Cirowa a Matacciyar Mota

Kafireto na haɗa fetur da iska ne ta hanyar zuƙar inji. Injekta kuwa fesa man take yi bisa umarnin ƙaramar kwamfuta, wadda makanikai ke kira birenbos. Wannan ya sa motar ke saurin tashi da sanyin safiya, kuma ba ta ɓarnar mai.

A Amurka, masu tsofaffin akori-kura kan nemi matacciyar Chevrolet ƙirar 1987 zuwa 1995, su ciro mata kayan injekta. Abubuwan da ake cirowa su ne kan injektar, da birenbos, da wayarin gaba ɗaya, da sensoci, da distirbuta, da kuma famfon mai na cikin tanki. Dole a sauya famfo, domin wannan injekta na bukatar matsin mai fiye da na kafireto. Haka kuma sai an ja bututun da zai mayar da rarar mai cikin tanki.

Babban kuskure shi ne datse wayoyi da almakashi saboda gaggawa. Gwanin makanike kan zare kowace soket, ya liƙa mata suna. Sannan ya tabbatar girman injinan biyu ɗaya ne, in ba haka ba birenbos zai riƙa ba da man da bai dace ba.