Kafin a Ba Likita Kunnen Mutum

A can cikin kunne akwai wata 'yar gaɓa mai kama da katantanwa, girmanta bai fi ƙwayar wake ba. Idan ta lalace, kurumta ta samu. Tun kafin 1978, lokacin da Graeme Clark ya dasa wa wani mutum na'urar ji mai layuka da yawa a Melbon ta Ostareliya, likitoci ke zura siririyar waya cikin wannan katantanwa domin ta riƙa taɓa jijiyar ji da lantarki.

Wahalar tana kan hanya. Likita zai rarake ƙashin bayan kunne, sannan ya bi ta wani lungu mai faɗin milimita 2 zuwa 3. A gefe guda jijiyar da ke motsa fuska ce, a ɗaya gefen jijiyar ɗanɗano. Hannu ya ɗan goce, ɓarin fuska ya shanye.

Da can ana koyon aikin ne a kan ƙashin gawa. Ƙashin ba ya samuwa da yawa, kuma wanda aka rarake ya tashi aiki ke nan. Yanzu akwai na'urorin kwaikwayo, irin su Voxel-Man na Hambag da Visible Ear Simulator na Kofanhagan. Ɗalibi yana kallon kunne a allon kwamfuta, yana riƙe da wani abu kamar alƙalami da ke turje masa yadda ƙashi ke turjewa. Ya ɓata, ya goge, ya sake.

To, ta yaya za a san ya iya? Nan gizo ke saƙar. Kwamfuta gwana ce wajen lissafi: minti nawa ya ɗauka, ƙashi nawa ya cire, sau nawa ya gogi jijiya. Sai dai sauri ba gwaninta ba ne, musamman wajen zura wayar, inda gaggawa ke iya hallaka ɗan ragowar jin da mutum yake da shi. Shi ya sa har yanzu ake sa manyan likitoci su duba aikin da takardar maki, ba tare da sun san mai shi ba, don kada sanayya ta shigo. Wasu ma'aunan, kamar na Welling daga Jami'ar Jihar Ohayo, suna duba ƙashin ne bayan an gama. A ganina wannan rabin labari ne. Mai yiwuwa ƙashin ya fito tsaf alhali Allah ne kawai ya tsare, don haka gara a kalli yadda hannun ya yi tafiya tun daga farko.

Sannan allo ba ya zubar da jini, kuma yawanci kunnen da ke kansa lafiyayye ne. A ƙasashenmu da sanƙarau ke kurmantar da yara, katantanwar kan toshe da sabon ƙashi cikin 'yan makonni ko watanni. Likitan da ya ci maki a kan kunne mai buɗaɗɗiyar hanya, ranar da aka kawo masa irin wannan yaron zai tarar da ƙofar a toshe, sai ya sassaƙa tasa.