Adana Tsofaffin Sulalla a Gida: Abin da Ya Kamata Mai Sef Ya Sani

A gidaje da dama na unguwannin Yelwa da ke kan hanyar Dass a birnin Bauchi, kamar dai sauran garuruwan Arewa, akwai tsofaffin kuɗin ƙarfe da aka gada daga iyaye da kakanni, waɗanda ake ajiyewa cikin gwangwani ko ƙullin tsumma a ƙasan adaka. Ko da yake an daɗe da daina ciniki da su, wasu daga cikinsu sun zama kadara, domin akwai masu tara irinsu a ƙasashen duniya. Sai dai darajar kowane sule ta dogara ne ga lafiyar jikinsa, ita kuwa lafiyar tana tafiya ne da irin ajiyar da aka yi masa.

Yawancin sulallan da ake samu a hannun jama'a na zamanin Turawa ne. A 1907 aka fara buga kwabo da anini masu huda a tsaka, sa'annan a 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda daga 1913 ta riƙa fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa, kafin a koma ga tagulla a 1920. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a ranar 1 ga Yuli, 1959, ya fitar da nasa sulallan, har zuwa 1 ga Janairu, 1973, lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Ban da waɗannan akwai liyari, wato dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda fatake suka riƙa shigo da ita ta hamada.

Abubuwa uku ne ke sa wa tsohon sule farashi: ƙarfen da aka yi shi da shi, da ƙarancinsa, da kuma yanayin da yake ciki. Tsufa kaɗai ba ya wadatarwa. Kusan kowane liyari yana ɗauke da shekarar 1780, alhali an ci gaba da buga shi da wannan shekara har ƙarni biyu bayan haka. Haka nan kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a shekarar da ya hau, an buga shi da yawa ƙwarai, don haka wanda ya goge ba ya da wani kuɗi. Amma na azurfa farashinsu yana bin kasuwar duniya, abin da ya sa ba su bi naira ba a faɗuwar da ta riƙa yi tun daga 1986.

Dangane da sayen sef, wato akwatin ƙarfe na ajiya, ya kamata a san cewa iri biyu ne. Akwai wanda aka yi don hana ɓarawo, mai kaurin ƙarfe da ƙarfin makulli, akwai kuma wanda aka yi don jure gobara, wanda ake cusa wa bangonsa wani sinadari mai riƙe ruwa. Wannan ruwa shi ne ke sanyaya cikin akwatin idan wuta ta tashi, amma kuma yana iya jawo danshi a kullum, danshi kuwa shi ne babban abokin gaban sulalla. Wanda ya zaɓi irin na biyu sai ya ƙara himma wajen busar da cikinsa.

Ƙaramin sef da mutum biyu za su iya ɗauka bai tsare komi ba sai an kafe shi da ƙusoshi a daɓen kankare. Ya fi dacewa a girke shi a ƙuryar ɗaki, nesa da makewayi da madafa, kuma kada a jingina shi da bangon da ruwan sama ke duka. Ana so a ɗaga shi kan ɗan dandamalin siminti, saboda idan ruwa ya shigo gida da damina kada ya taɓa gindinsa.

Batun kantoci na cikin sef shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Yawancinsu an yi su ne don takardu, alhali kuɗin ƙarfe na da nauyin gaske. Liyari ɗaya ya kai giram 28, ke nan guda 100 sun kai kilo 2.8. Sulen Turawa guda 1,000 sun haura kilo biyar da rabi, kwabo mai huda kuwa guda 1,000 sun haura kilo tara. Siririyar kanta da ke rataye kan 'yan maƙalai huɗu takan lanƙwashe sannu a hankali, ranar da ta karye kuma sulalla su zube su karce juna. Saboda haka a nemi kantar ƙarfe mai kauri wadda ta zauna sosai a kowane gefe, a sa mafi nauyi a ƙasa, a kuma rarraba kayan maimakon tara su a tsakiya. A guji katakon da aka haɗa da garin itace da gam, domin yana fitar da tururin da ke cin ƙarfe.

Yanayin Bauchi na buƙatar kulawa iri biyu. Da damina, musamman a watan Agusta, iska takan cika da laima, wadda ke sa tagulla ta yi kore, azurfa ta yi baƙi. Aninin farko na 1907, wanda aka yi da alminiyam, saurin lalacewarsa ne ya sa aka sauya masa ƙarfe a 1908. Maganin laima shi ne ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, irin waɗanda ake gani cikin kwalin takalma, a riƙa busar da su ko sauya su a kai a kai. Da hunturu kuma ƙura ce matsala, domin idan ta kwanta aka shafe ta da tsumma sai ta bar zane a fuskar sule.

Har ila yau, kowane sule mai daraja ya kamata ya samu mazauninsa shi kaɗai, cikin 'yar ambulan ko gidan roba mai tauri. Roba mai laushi irin ta PVC takan bar wani koren maiƙo, takardar jarida da robar ɗaure kuɗi kuma suna baƙanta azurfa. Kada a cakuɗa ƙarafa iri dabam-dabam wuri guda. Idan za a ɗauka a kama ta gefe, domin gumin yatsa na barin tabo. Babban kuskure shi ne wanke sulalla da toka ko tsamiya ko man goge ƙarfe don su yi ƙyalli, saboda masu saye sun fi son launin da shekaru suka bayar, kuma wanda aka goge farashinsa faɗuwa yake yi.

Kamar kowace kadara, wannan ma tana son lissafi. A buɗe littafi a rubuta shekarar kowane sule da nauyinsa da inda aka samo shi, a ɗauki hotonsa gaba da baya, a ajiye kwafi a wajen gida. Wannan zai taimaka wajen inshora da rabon gado, har ma da zakka, domin azurfar da ke cikin liyari 26 ta kai nisabin giram 595, kuma malamai ne za su yi bayanin hukuncin. A kuma taƙaita waɗanda suka san da ajiyar, amma a tabbata wani amintacce ya san inda makulli yake.

Ta fuskar doka, sashe na 21 na Dokar Babban Banki ta 2007 ya hana huda ko ɓata ko sayar da kuɗin naira, mai niyyar fitar da kayan tarihi waje kuma sai ya tuntuɓi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979.

Daga ƙarshe, kafin a kashe kuɗi kan sef, a fara tantance abin da ake da shi. Wanda sulallansa na tunawa da iyaye ne kawai, ƙaramin akwati busasshe ya ishe shi. Wanda kuwa ya tara azurfa mai yawa, kuɗin sef mai ƙarfin kanta kaɗan ne a kan asarar da laima ko ɓarawo za su jawo masa.