Daga kaye zuwa waya: ina makullan lissafin asusunmu?

Bara, ranar rabon ƙungiyarmu, mun zauna tun hantsi, ba mu tashi ba sai da aka kira magariba. Ɗakin sakatariyarmu ya yi yoyo cikin watan Agusta, ruwa ya jiƙa kayen lissafi, shafi uku suka dame. Wata tsohuwa cikinmu ta ce ta biya rancenta na jikka goma, kaye kuwa babu abin da ake iya karantawa a wurin. Ta miƙe da hawaye ta ce mini: "Ɗiyata, da furfurata zan ci kuɗin asusu?" Allah ya sa mata biyun da ke zama kusa da ita sun tuna ranar da ta biya, har da kwanon da ta zuba kuɗin. Da ba haka ba, da mun rabu baran-baran.

Abin da ya cece mu tsohuwar dubara ce. Lokacin da ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi cikin 1991, yawancin matan ba su karatu. Da ka ake riƙe lissafi, kowace ta tuna na maƙwabciyarta, a ƙirga kuɗi da ƙarfi gaban kowa, a rufe akwati da kwaɗo uku, makullan kuma a hannun mata uku dabam-dabam. Daga nan Nijar tsarin ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya. Kaye ya zo daga baya, yanzu kuma ga waya tana neman shiga.

Bayan wannan rigimar ne ɗiyata da ke karatu a Tawa ta zo hutu ta nuna mini abin da ake kira tablo a kwamfuta, irin na Excel ko Google Sheets. Kamar shafin kaye yake, an ja masa layuka a tsaye da a kwance, sai dai shi da kansa yake tara lissafi. Ta ce akwai kayan aikin da ke ɗaukar wanga tablo su mai da shi manhajar waya, ba tare da mutum ya koyi rubuta yaren kwamfuta ba. Ɗaya shi ne AppSheet, wanda kamfanin Google ya saya cikin 2020. Yana karanta kalmomin da ke layin farko na tablo, ya mai da kowace kalma gurbin da za a cika a waya. In kun rubuta Suna, Rana, Zubi, Rance, Biya, Tara, Asusun taimako, haka za su fito da Hausa. Akwai kuma KoboToolbox, wanda ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ke amfani da shi in sun zo ƙauye suna yi mana tambayoyi suna danna waya. Shi ma daga tablo ake iya gina tambayoyinsa, kuma yana da Faransanci. Ita CARE ta fito da manhaja ta musamman don ƙungiyoyin asusu mai suna Chomoka, wadda ta fara aiki a Tanzaniya.

Abin da ya fi ja mini hankali shi ne AppSheet da Kobo duka suna karɓar rubutu ko babu rezo. Mun san halin ƙauyukan da ke tsakanin duwatsun Buza da Keita, inda sai an hau tudu a samu a yi kira. Sakatariya za ta iya shigar da zubin mako a wurin taro, ranar kasuwa in ta samu rezo sai wayar ta aika. Daga nan ko wayar ta faɗa rijiya, abin da aka aika yana nan. Amma abin da ba a aika ba, ya tafi tare da wayar.

Mun gwada wata uku, kuma makon farko muka sha kunya. Mu da dala muke ƙirge. Mace ta ce ta zuba ɗari, kowa ya san faran 500 take nufi. Yarinyar da ke riƙe da waya ta rubuta 100. Da aka zo haɗawa, waya ta ce akwati ya fi lissafi da kuɗi masu yawa, aka fara kallon-kallo. Waya ba ta san dala ba, abin da aka ba ta shi take tarawa. Tun ranar muka tsai da doka: komai da faran za a rubuta, jikka ɗaya 1000, ɗari kuma 500, kuma da lamba, ban da "jikka biyu da rabi". Matsala ta biyu suna ce. Muna da mata uku masu suna ɗaya, sai da muka ba kowace lambarta. Ta uku, layi ɗaya na mace ɗaya ne a zama ɗaya. In aka cusa zubi da biyan rance na mako biyu cikin gurbi guda, manhajar ta rikice. Kayen da ba shi da tsari, in an zuba shi a waya, rikicinsa yake bin sa.

Da muka gyara, mun ga amfani. Lokacin dashen albasa a fadamar Tarka, mata da yawa na Madawa kan nemi rance kusan a tare, haka ma masu sayen rago su kiwata kafin Layya. A da sai sakatariya ta yi ta juya shafi kafin ta gano wa ake bi, nawa, yaushe wa'adinta. Yanzu danna suna kawai, a gani. Lissafin rabo da kan ci mana yini guda, tablo na yinsa kafin a gama shan ruwa.

Ba kyauta ba ne abin. Sai da babbar waya, da kuɗin caji, da na mega. Ginin manhajar kansa yana son kwamfuta da intanet, kuma wurin ginin AppSheet da Ingilishi yake, dole a nemi mai taimako. Ana gwada shi ba biya har mutum goma, in an wuce gwaji kuwa biya ake yi kowane wata. Ƙungiyar da zubinta bai taka kara ya karya ba, ta yi lissafi tukun, kada kuɗin waya su cinye ribar shekara.

Babbar magana ita ce ta makulli. Tablo yana zaune cikin akwatin imel na wanda ya buɗe shi. Mai kalmar sirri na iya canza lamba da tsakar dare, babu mai gani. In ɗan wata ne ya buɗe da sunansa sannan ya tafi cin rani, ko ma'aikacin furoje da aikinsa ya ƙare, lissafinmu ya bi shi. Kuma bashin mace sirrinta ce, wata ko mijinta bai san ta ci rance ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, amma kafin doka, amanarmu ce. Saboda haka muka yanke shawara huɗu. A buɗe da sunan ƙungiya. A raba kalmar sirri gida uku, kowace mai makulli ta riƙe yanki ɗaya. Wayar ta kwana cikin akwati, a fito da ita ranar taro da ranar aikawa, mata biyu su tafi da ita. Kaye kuma ba mu bar shi ba, ana rubutawa cikinsa kamar kullum, an sa shi cikin leda.

A ƙarshen kowane zama, masu ƙirga su faɗi abin da ke cikin kwano, sakatariya ta karanta na kaye, mai waya ta karanta nata, duka da ƙarfi. In ukun sun yi daidai a rufe akwati, in sun saɓa ba mai tashi. Tsohuwar nan da ta yi kuka bara ita ce ke fara cewa: "To, a karanta mana na wayar mu ji." Duk ƙungiyar da ke son gwadawa, ta fara da gyara kayenta wata guda, ta zo taron haɗin gwiwa na gaba da shi mu duba tare. Allah ya sa albarka cikin asusunmu.